RA'AYINMU: Samarin da ke koya mana rubuta takardar neman tallafi

Ƴan uwa makiyaya da fataken dabbobi, duk wanda ke cin kasuwannin kara na jahohin Maraɗi da Tawa da Damagaram ya taɓa cin karo da wasu samari da ƴan mata masu jakar takardu a rataye, suna bin ƙungiyoyinmu suna cewa sun zo ne su koya mana yadda ake tafiyar da ƙungiya, da yadda ake riƙe littafin kuɗi, da kuma yadda ake rubuta takardar neman tallafi, wadda ƴan lakwal ke kira dosiyen furoje. Wasunsu ƴaƴanmu ne da suka gama jami'a ba su sami aiki ba tukuna, wasu suna aikin bautar ƙasa, wasu kuma sun fito ta hannun hukumomin aikin sa kai irin su ANVD. Yawancinsu ba su da wani albashi sai ɗan abin sabulu. Kada sunan aikin nasu ya firgita kowa. Mun san abin da kalmar ƴan sa-kai ke nufi a kunnen Bafillacen da ya yi kiwo a Zamfara. Waɗannan dai alƙalami gare su.

Aikin ba sabo ba ne a ƙasar Nijar. Matasan Amurka na ƙungiyar Peace Corps sun fara zuwa tun 1962, suka yi shekara 49 suna zama cikin karkara suna koyon Hausa da Zabarmanci da Fillanci, har zuwa watan Janairu na 2011 da aka kwashe su bayan an sace wasu Faransawa biyu a Yamai. Faransa ma ta kafa tata ƙungiyar a 1963. A zamanin Seyni Kountché kuwa Samariya ce ke gina ajujuwa da share hanyoyi da aikin gayya. Abin da ya bambanta na yanzu shi ne, yaran na gida ne, suna jin harshenmu tun daga nono, kuma in hankali ya tashi babu jirgin da zai zo ya ɗauke su.

To, wannan jarida tana yi masu maraba, kuma tana kira ga kowane reshe da ya buɗe masu ƙofa. Dalilinmu a fili yake. An daɗe ana zuba kuɗi da sunan makiyayi ba tare da makiyayin ya san ta inda suka bi ba. A 2015 Bankin Duniya ya ware dalar Amurka miliyan 248 domin shirin PRAPS na tallafa wa kiwo a ƙasashe shida, wato Nijar da Cadi da Mali da Burkina Faso da Muritaniya da Senegal, a 2021 kuma ya ƙara miliyan 375 domin kashi na biyu. An yi ayyuka, ba mu musanta ba, an gina wuraren allurar dabbobi da kasuwanni da rijiyoyi. Amma ran da ake zaɓen inda za a yi aikin, wanda ya kawo takarda shi ake saurara. Mai shanu ɗari da ba shi da takarda, a wurin nan bai kai mai jaka ɗaya da hatimi ba.

Wannan giɓi ne ya haifar da wata sana'a tun bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa kamar ciyawar farkon damina. Akwai na gaskiya a cikinsu, irin su AREN da aka kafa a 1990, wadda ita da takwarorinta na Mali da Burkina Faso suka haɗu suka kafa Billital Maroobe a 2003. Akwai kuma ƙungiyoyin cikin jaka, inda shugaba da magatakarda da ma'aji duk ƴan gida ɗaya ne a birni, ba su taɓa kwana a ruga ba. Su kan zo ranar kasuwa su tattara katunan shaidar mutane, a dangwala masu yatsa, a ɗauki hoto kusa da garken wani, shi ke nan ba a ƙara ganinsu sai in mai ba da kuɗin ya ce zai kawo ziyara. Maganin wannan ta'asa guda ne, a ce cikin kowace ruga akwai wanda ya san abin da takardar ta ƙunsa, kuma zai iya tambaya.

Ita takardar neman tallafin ba wani tsafi ba ce. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa wurin mai kuɗi neman jari domin ya kai lodin shanu Illela ko Maigatari ya riga ya san rabinta. Mai kuɗin zai tambaye ka me kake so ka yi, nawa zai ci, yaushe za ka dawo, wa zai tsaya maka, kuma kai me ka zuba. Su ma masu ba da tallafi tambayoyinsu ke nan, sai dai suna son amsar a rubuce, cikin wani jadawali mai gida-gida da ke nuna matsala da abin da za a yi da abin da ake fatan samu da yadda za a tabbatar an samu. An ƙirƙiro jadawalin nan a 1969 domin hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, daga nan sauran suka ara. Samarinmu sun iya cika gidajen jadawalin, domin an koya masu. Abin da za a zuba cikin gidajen kuwa, yana wurin wanda ya yi shekara arba'in yana bin saniya.

Bari mu ɗauki misalin bankin abincin dabbobi, tun da shi ne kowace ƙungiya ta fi nema. A ce reshe ya nemi tan 20 na dusa da angurya, wato buhu 400 masu kilo 50. Yaron da ya iya lissafi zai rubuta kuɗin buhu sau 400 ya ja layi. Amma bafatake ya san ba a nan lissafin ya tsaya ba. Akwai kuɗin mota daga birni zuwa inda kwalta ta ƙare, akwai na amalanke ko raƙuma daga can zuwa rijiya, akwai ƴan dako, akwai mangaza da mai gadinta, akwai buhunan da gara da ɓera za su ci. Sa'an nan ga maganar lokaci, wadda ita ce ke kashe yawancin bankunan nan. Da kaka ake sayen kaya da araha, da bazara ake bukatarsu, daga watan Afrilu zuwa saukar ruwa. In takardar ba ta faɗi ƙarara cewa kuɗin su iso kafin ƙarshen sanyi ba, to za su iso ne a watan Yuli, bayan wadda za ta mutu ta mutu, wadda ta rayu kuma ta sa baki a ɗanyar ciyawa. Mun ga haka a 2005, mun sake gani a 2010, lokacin da motocin agaji suka riƙa isa arewa suna tarar da mushe. Bayan wannan kuma sai a tsai da shawara kan farashin da za a sayar, wanda zai yi wa talaka sauƙi amma ya isa a sake cika mangaza baɗi, da buhu nawa mutum ɗaya zai iya saya don kada mai garke dubu ya kwashe duka, da kuma ko za a ba da bashi. Maganar bashin nan, mu dai ra'ayinmu a rubuta a takarda cewa babu, domin ma'ajin da ba zai iya kallon idon kawunsa ya ce a'a ba, zai iya nuna masa takarda. Duk waɗannan abubuwa ba a ajin jami'a ake samunsu ba. Sai an zauna da dattawa da dillalai da mata a bakin rijiya an tatso su ɗaya bayan ɗaya.

Maganar rijiya ma ta fi wannan nauyi, don kuwa kuskure a nan ba ya gyaruwa. Dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010 ta ƙayyade tazarar da za a bari tsakanin mashaya a yankin kiwo: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin na burtsatse. Ba don a wahalar da kowa aka yi haka ba. Tun manyan famfunan da gwamnati ta kafa a arewa cikin shekarun 1960 aka gane cewa ruwa mai yawa a wuri ɗaya yana jawo garkuna daga ko'ina, su cinye ciyawar da ya kamata ta kai mutanen wurin har damina cikin wata biyu. Rijiyar da dangi suka gina da hannunsu, su ke da ta cewa a kan wanda zai shayar da kwana nawa zai yi, kuma ta haka ake tsare ciyawar kewaye. Rijiyar da aka gina da kuɗin furoje kuwa ta kowa ce. Saboda haka mutanen da suka sa aka rubuta masu takardar neman rijiyar siminti ba tare da an rubuta yarjejeniyar amfani da ita ba, mai yiwuwa ne sun nemo wa kansu abin da zai kore su daga mazauninsu. Matashin da zai taimaka a rubuta irin wannan takarda wajibi ne ya fara karanta dokar, ya tambayi su wa ke shayarwa a wurin da rani, su wa ke ratsawa da damina, kuma a ji ta bakinsu duka kafin a sa hannu.

Akwai kuma wata gaskiyar da ya kamata a gaya wa samarin nan da iyayensu baki ɗaya. Kuɗin waje suna ja da baya. Bayan juyin mulkin ran 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da ayyukansu a Nijar. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID ɗin kanta, wadda aka ƙirƙiro jadawalin domin ta. Ƙasashen Turai da dama su ma sun rage abin da suke warewa. Wanda duk ya koya wa makiyayi rubutun roƙo kaɗai, ya ba shi guga ne a bakin rijiyar da ruwanta ke ƙafewa. Don haka muke cewa a koyi rubuta dosiyen furoje, amma kada a tsaya nan, domin akwai takardun da suka fi shi tsare dabba, kuma ba sai an je wata ƙasa neman amsarsu ba.

Tun ran 2 ga Maris 1993 dokar tsarin karkara ta amince da haƙƙin makiyayi a kan wuraren kiwo, ta kuma kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda kowa ya sani da sunan Kofo, daga na gunduma har zuwa na ƙauye da ruga, kuma makiyaya na da kujera a cikinsu. A 1997 aka fitar da wata doka a kan mazaunin makiyayi, wato wurin da dangi suka saba komowa kowace shekara, inda ta ba su fifikon amfani da shi ko da yake ba ta hana baƙo ratsawa ba. Dokar 2010 ta ƙara da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, kuma ta sake tabbatar da iyakar noma ta arewa da aka shata tun 1961. Amma haƙƙin da ke kwance cikin littafi ba ya hana garma shiga burtali. Sai an rubuta wasiƙa zuwa ga Kofo an nemi a zo a auna, a kafa alamu, a rubuta sakamakon zaman, kowa ya sa hannu, a ba reshe nasa kofi ya adana. Wasiƙar nan shafi ɗaya ce, kuma yaron da ya iya cika jadawalin Turawa zai rubuta ta kafin shayi ya nuna. Waɗanda suka manyanta ba su manta da Toda ba, cikin jahar Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 aka hallaka mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara, a kan rikicin gona da dabba. Burtalin da aka auna aka kafa wa alamu yana rage irin wannan, kuma kuɗinsa bai kai na taron horo ɗaya a babban otal ba.

Haka nan takardar ɓarna. In dabba ta shiga gona, wa ya auna abin da ta ci, an rubuta ko kuwa da baki aka yanke, kuɗin da aka karɓa an ba da rasit? Ranar sakin gonaki da hukuma ke tsayarwa kowace shekara, wa ya kai wa rugage labarinta a kan kari? Makiyayi nawa ne aka tatsa don kawai babu mai rubuta masa ƙara?

Ku kuma fatake da dillalai, kada ku ce wannan magana ta masu sanda ce kaɗai. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, kuɗin tike na kasuwannin dabbobi suna cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu, musamman a yankin kiwo. An rushe zaɓaɓɓun majalisun a 2024 an naɗa masu riƙo, amma karɓar tike ba ta tsaya ba ko kasuwa ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin ayyukan raya ƙasa da take bi, kuma abin da bai shiga kundin ba da wuya a yi shi. In ƙungiyar ƴan kara ta riƙe littafi ta rubuta kai nawa ke shiga kowace kasuwa da abin da aka biya, to tana da bakin zuwa ta ce ga abin da muka zuba bana, muna son ruwa a kara, da wurin lodi, da shinge. Wannan ma neman tallafi ne, sai dai daga cikin kuɗinku kuke nema, kuma ba a yi maku gori.

Game da abin da mu kanmu za mu zuba, matan Maraɗi sun riga sun nuna hanya. A 1991 aka fara asusun Mata Masu Dubara da taimakon ƙungiyar CARE, ba da jarin kowa ba sai ɗan abin da kowace mace ke kawowa mako-mako a zuba cikin akwati, kuma yau ana koyi da tsarin a ƙasashe da yawa na duniya. Fulani kuma suna da habbanaye tun kaka da kakanni, inda ake ba wanda ya rasa aron karsana har ta haihu ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Reshen da ya iya tara akuya guda daga kowane gida a shekara, ya sayar da kaka, ya rubuta a littafi, ya ajiye a banki da sa hannun mutum uku, ya riga ya mallaki abin da kowane mai ba da tallafi ke fara tambaya. Ko ba a ba shi kome ba, yana da na sayen dusa.

Yanzu ga abin da muke roƙon samarin. Duk takardar da aka rubuta da sunan jama'a, a karanta masu ita daga farko har ƙarshe cikin harshen da suke ji, har da shafin kuɗi, har da layin da ya faɗi abin da marubucin da shugabanni za su samu. Kundin da hukumomin ƙasa suka fitar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, saboda haka babu hujjar a ce sai da Faransanci za a yi zama. Inda Fillanci ko Tamajak ko Barbarci ko Tubanci ya fi sauƙi, a yi da shi. A bar kofi a hannun reshe. Kada a yi ciniki a kan kaso cikin ɗari na abin da za a samu, domin wanda ya fara haka ya zama ɗan kamasho, kuma zai riƙa rubuta abin da ke kawo kuɗi maimakon abin da ake bukata. A kuma san lokacin zuwa. Horon da aka shirya a watan Agusta cikin ɗakin taro na birni, lokacin da garkuna suka haura arewa wajen Ingal, ƴan zaman gari ne kawai za su halarce shi. Mai son ganin makiyayi ya same shi da rani a bakin rijiya, ko ranar kasuwa bayan la'asar. Kuma a zauna da mata daban, don su ke da nono da man shanu da ƙananan bisashe, kuma a gaban surukai ba za su buɗe baki ba.

Za a yi karo a kan ƙidaya, gara a sani tun yanzu. Takarda tana son adadi, makiyayi kuwa ba ya faɗin yawan dabbobinsa, saboda tsoron haraji da tsoron baki da kuma kunya irin ta gado. Kada matashi ya ɗauki wannan a matsayin duhun kai, kada kuma ya cika gurbin da ƙarya. Ana iya ƙidaya garkunan da ke shan rijiya a yini, ko gidajen da ke cikin reshe, a ba da jimilla ba tare da an kama sunan kowa ba.

Mu ma akwai namu. Cutar kuɗin zama, wato fardiyam, ta shige mu ƙwarai, har ta kai wasu ba sa zuwa taro sai sun ji nawa za a raba, kuma in an ce a turo mutum biyu horo sai shugaba ya turo ɗansa da ƙanensa da ke zaune a gari. Yaran nan ba su zo da ambulan ba. Wanda ya bar gidansu ya hau bayan mota ya zo ya koya maka abin da zai amfane ka, kai ya kamata ka shimfiɗa masa tabarma ka kawo masa ƙwarya. Kuma tun da ba za su dawwama ba, wata rana za su sami aiki ko su yi aure su tafi, awon aikinsu shi ne ko sun bar wanda zai iya bayansu. Don haka kowane reshe ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda ke zaune tare da dabbobi kuma suka iya karatu ko da na ajami ne ko na yaƙi da jahilci, su zauna kusa da matashin duk lokacin da yake rubutu, har ran da za su rubuta wasiƙar Kofo da hannunsu shi kuma yana kallo. Reshen da ke son a turo masa mai koyarwa sai ya aiko wa ofishin ƙungiya da sunayen mutanen nan biyu, da sunan kasuwar da ta fi kusa da shi, da watan da dabbobinsa ke komowa rijiya.